Ƙiba da Hawan Jini ga Yara: Awon da Za a Dogara da Shi

Zuwa ga iyaye mata da masu faɗakarwa na gari da unguwa.

Shekara da shekaru muna zama da ku a ƙarƙashin rumfar awo, kuma kusan kullum zancenmu ɗaya ne, wato tamowa. Tare muka koyi ɗaura igiyar awon dantse, muka san abin da ja da rawaya da kore suke nufi. Wannan aiki bai ƙare ba, domin har yau fiye da yara 4 cikin 10 na ƴan ƙasa da shekara 5 a Nijar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Sai dai wata damuwa ta daban ta fara leƙowa, musamman a birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mukan shiga gida guda mu tarar ƙanin yana karɓar abincin tamowa, yayarsa ƴar shekara 11 kuwa nauyinta ya wuce kima, tana haki idan ta ɗauko tulu daga bakin famfo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima. A 1990 kashi 8 cikin 100 ne na masu waɗannan shekaru, a 2022 sun kai kashi 20.

Wannan takarda za ta yi muku bayanin abu uku: yadda ƙiba ke jawo wa yaro hawan jini, yadda ake auna shi daidai, da abin da ke sa sakamakon ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, wanda muka fi sani da labo, ya zama abin dogaro ko ya zama asarar kuɗi.

Ƙiba, kumburi da ƙibar ƙwaya

A al'adarmu yaro mai jiki abin alfahari ne. Idan kumatunsa suka cika sai a yaba wa uwa, a ce ta iya reno. Wanda ya taɓa ganin abin da yunwa ke yi wa yaro ba zai yi mamakin wannan ba. Amma cikar jiki iri uku ce, kuma wajibi ne uwa ta iya rarrabe su.

Ta farko ita ce ƙibar kitse, wadda ke taruwa sannu a hankali idan abin da yaro ke ci ya fi abin da jikinsa ke ƙonawa. Ido ba ya yanke hukunci a kanta, igiyar awon dantse ma ba ta yi. An yi igiyar ne domin gano tamowa ga yara masu wata 6 zuwa 59, kuma idan ta nuna kore, abin da ta faɗa kawai shi ne yaron ba ya cikin ramar tamowa. Ana gane ƙiba ta hanyar auna nauyi da tsawo tare, sannan ma'aikacin lafiya ya duba jadawalin girma na maza ko na mata daidai da shekarun yaron.

Ta biyu kumburi ne, wato ruwa da ya taru a jiki. Ku danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu na daƙiƙa 3. Idan kun ɗaga rami ya zauna, ruwa ne. Zai iya zama tamowa mai kumburi, zai iya zama ciwon ƙoda ko na zuciya, kuma kowanne daga cikinsu na buƙatar asibiti a ranar.

Ta uku ita ce ƙibar ƙwaya. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kan tire da cikin kasuwa, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ake kira deksametazon ko danginsa. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka, da ƙa'ida da adadin kwanaki. Idan aka ɗora yarinya a kansa don ta yi jiki, fuskarta za ta kumbura ta yi zagaye, cikinta ya fito, ƙafafunta su sirance, jininta ya hau, sukarinta ya hau, garkuwar jikinta ta yi rauni, tsawonta ma ya tsaya. Idan an riga an daɗe ana ba yaro irin wannan ƙwaya, kada a yanke ta rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. A ɗauki kwalinta a kai wa likita, shi zai tsara yadda za a rage ta.

Yadda ƙiba ke ɗaga jini

Ku dubi injin ban ruwa a lambun albasa. Idan mai lambu ya ƙara fili bai canza inji ba, dole injin ya yi aiki fiye da ƙarfinsa, tiyo kuma ya ɗauki matsin da ba a yi shi dominsa ba. Haka zuciya take. Duk kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki yana buƙatar jini, don haka yawan jinin da zuciya ke turawa yana ƙaruwa. Kitsen da ke taruwa a ciki kuma yana motsa wasu sinadarai da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jijiyoyin jini su matse. Yaro mai ƙiba sau da yawa yana minshari, numfashinsa yana sarƙewa cikin barci, wannan ma yana ɗaga jini.

Abin tsoron shi ne hawan jini ba ya yin sallama. Yaro zai ci, ya yi wasa, ya tafi makaranta, alhali naman zuciyarsa yana yin kauri, ƙananan jijiyoyin ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa suna shan wahala. Yaron da jininsa ya hau tun yana ƙarami ya fi saurin zama babba mai hawan jini, kuma daga nan ne shanyewar ɓarin jiki da gazawar ƙoda ke samun hanya tun mutum bai tsufa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yaron da aka haifa da ƙarancin nauyi, ko bakwaini, ko wanda ya sha yunwa tun yana ciki, ya fi saurin kamuwa da hawan jini idan daga baya ya yi ƙiba. An ga haka ga waɗanda aka yi cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, aka sake gani a Inugu ga waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara, bayan sun kai kusan shekara 40. Saboda haka yaron da ya taɓa kwanciya a CRENI ya warke, burinmu ya kai nauyin da ya dace da tsawonsa ya tsaya a nan. Ci gaba da ɗura masa sukari da mai don a huce tsoron baya yana buɗe masa wata ƙofar ciwo.

Yadda ake auna hawan jinin yaro daidai

Likitocin yara suna ba da shawarar a fara auna hawan jini daga shekara 3, sau ɗaya a shekara. Yaro mai ƙiba, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon sukari, a auna shi duk lokacin da ya je asibiti. Idan ba a yi ba, ku roƙa da ladabi a yi.

Awon yana da ƙa'idodi. Yaro ya zauna shiru na kamar minti 5 kafin a fara, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannun dama a miƙe daidai da ƙirji, babu magana. Mafi muhimmanci shi ne maɗaurin da ake naɗawa a dantse a hura masa iska. Dole girmansa ya dace da kaurin hannun. Idan ya yi ƙanƙanta, lamba za ta fito sama da gaskiya, a tsorata uwa a banza. Idan ya yi girma da yawa, lamba za ta fito ƙasa, a sallami yaro mai ciwo. Yaro ɗan shekara 12 mai ƙiba zai iya buƙatar maɗaurin manya, ɗan shekara 5 kuwa maɗaurin manya ya yi masa yawa.

Lamba biyu ake rubutawa. A asibitocinmu za ku ji an ce 12 bisa 8, wani wuri a rubuta 120/80, duka abu ɗaya ne. Ga mai shekara 13 zuwa sama, ƙasa da 12 bisa 8 shi ne daidai, daga 13 bisa 8 kuwa ana lissafa shi hawan jini. Ga waɗanda ba su kai 13 ba babu lamba ɗaya da ta game kowa, sai an duba jadawali daidai da shekaru da jinsi da tsawo. Ku lura da wannan sosai: 12 bisa 8 da ake yi wa kaka barka a kansa, ga yaro ɗan shekara 6 ya yi yawa.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Tsoron farar riga, kuka, zafin ciwo, ko tafiyar ƙafa cikin rana duk suna ɗaga lamba na ɗan lokaci. Sai an samu lamba mai yawa a zuwa uku daban-daban kafin a ce yaro yana da hawan jini, in ban da wanda lambarsa ta yi sama ƙwarai ko yake da alamomin haɗari. Don haka idan aka ba ku ranar dawowa, ku dawo, kuma ku tabbata an rubuta kowace lamba da kwanan wata a cikin karnen yaron.

Dalilin da ya sa likita ke tura ku labo

Ƙiba tana jawo hawan jini, amma kuskure ne a ɗora mata laifi kafin a duba ƙoda. Ga ƙananan yara musamman, ciwon ƙoda ne kan gaba cikin cututtukan da ke ɓuya a bayan hawan jini. Makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro, ko ƙurajen fata masu ruwa, ko ƙazwar da aka sosa ta yi miki, ƙoda za ta iya kumbura. Fitsari ya yi ja ko launin ruwan shayi, fuska ta kumbura da safe, jini ya hau. A garuruwan bakin kogin Kwara da na kusa da tafkuna da gonakin ban ruwa, tsargiya tana sa fitsarin jini, kuma idan ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda. Ciwon sikila ma yana taɓa ƙoda. Babu wanda zai gane waɗannan da kallon fuska, sai da gwaji.

Gwajin fitsari shi ne na farko kuma mafi arha. Ana tsoma ɗan tsinken takarda mai launuka a duba ko akwai jini, ko sinadarin gina jiki da bai kamata ya tsere ta ƙoda ba, ko sukari. Gwajin kireyatinin a cikin jini yana nuna yadda ƙoda ke tace datti. Adadinsa ga yaro ƙasa yake da na babba, saboda haka lambar da ta yi daidai ga mahaifinsa za ta iya zama alamar matsala gare shi. Gwajin sukari, wanda za ku ga an rubuta gilisemi, ana yin sa kafin a karya kumallo. Idan ya kai giram 1,26 a lita ko ya wuce, aka sake aka samu haka, ciwon sukari ne. Akwai kuma gwajin kitsen jini, wato kolesterol da danginsa, da na hanta, domin kitse yakan taru a hantar yaro mai ƙiba ba tare da wani ciwo ba.

Wani gwajin sukari da ake kira HbA1c yana nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Yana da amfani, amma ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sakamakonsa yakan karkace. Idan ɗanku yana da sikila, ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, ku faɗa wa likita kafin ya rubuta takardar gwaji.

Abin da ke sa sakamako ya inganta ko ya lalace

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocinta, amma yawancin yaran da muke magana a kansu sun wuce wannan shekaru. Kuɗin gwaji daga aljihun iyali yake fitowa, ga kuɗin mota daga ƙauye, ga yinin aiki da aka rasa. Sakamako mara inganci yana cin wannan kuɗi, sannan ya ƙara da ɓarna: ko a ɗora yaro mai lafiya kan magani, ko a ce wa mai ciwon ƙoda ya koma gida.

Mutane da yawa suna zaton kuskure daga na'ura yake fitowa. Masana aikin labo sun daɗe da gano cewa mafi yawan kurakurai suna faruwa ne tun kafin jini ko fitsari ya kai ga na'ura: wajen shirya mara lafiya, wajen ɗiba, wajen rubuta suna, wajen jira da ɗauka.

Ku ɗauki misalin suna. A layi guda za a iya samun yara uku masu suna ɗaya, sunan ubansu ma ɗaya. Idan aka ɗebi jini aka ajiye kwalabe don a rubuta suna daga baya, musanya ba ta da wuya. Ƙa'ida ita ce a rubuta suna da shekaru da lamba a jikin kwalba nan take, a gaban mai ita.

Sai zafi da jinkiri. Ƙwayoyin jini rayayyu ne, suna ci gaba da cin sukarin da ke cikin kwalba bayan an ɗebe su. A kowace awa sukari yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100, kuma zafi yana ƙara saurin haka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwanmu, jinin da aka ɗiba da hantsi aka auna bayan azahar zai iya nuna sukari daidai alhali ya hau. Shi ya sa ake amfani da wata kwalba ta musamman, galibi mai murfi ruwan toka, ko a gaggauta raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa. Fitsari ma idan ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin sanyi ba, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki, ƙwayoyin jinin da ake nema su narke. Tsinken gwajin fitsari yana lalacewa idan aka bar gwangwaninsa a buɗe, ko damshi ya shige shi, ko wa'adinsa ya wuce. Idan kuma aka wahala wajen samun jijiya, kamar yadda yakan faru ga yaro mai ƙiba, aka matsa hannu aka ja jini da ƙarfi, ƙwayoyin jini suna fashewa, wasu lambobi kamar na gishirin fotasiyom su fito sama da gaskiya. Ma'aikacin da ya ce a sake ɗiba saboda jinin ya fashe, aikinsa yake yi da gaskiya, ya cancanci godiya.

A cikin labo mai inganci, kafin a fara auna na marasa lafiya ana fara gwada na'ura da wani ruwa da aka riga aka san adadinsa. Idan ta ba da amsar da ba ita ba, a tsaya a gyara. Ana rubuta sanyin firjin da ake ajiye sinadaran gwaji kowace rana, domin ɗaukewar wuta tana lalata su. Lokaci zuwa lokaci kuma ana aiko musu da samfur daga waje wanda ba su san amsarsa ba, a gwada su. Akwai ma'aunin duniya na wannan aiki mai suna ISO 15189, kuma a 2009 a birnin Kigali reshen Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙaddamar da tsarin ba ɗakunan gwaji tauraro daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda suka kusanci wannan ma'auni. Ba aikin uwa ba ne ta binciki firji, amma sanin haka zai sa ku gane cewa inganci tsari ne da ake bi kullum, kuma kuna da haƙƙin yin tambaya.

Rabon da ke hannunku ranar gwaji

Ku tambayi likita ko gwajin na buƙatar a zo ba a ci komai ba. Idan haka ne, yaro ya ci abincin dare, sannan ya yi awa 8 zuwa 12 bai ci ba. Ruwa zalla an yarda ya sha, har ma yana sauƙaƙa samun jijiya. Kunu, hura, shayi, alewa da cingam duk suna ɓata gwajin. Ku riƙo masa abin karyawa ya ci da zarar an gama. Idan ya ɓoye ya ci wani abu a hanya, ku faɗi gaskiya a ɗaga zuwa gobe.

Fitsarin farko na safe ya fi dacewa da neman alamar ciwon ƙoda. Ku karɓi kwalba daga labo, kada a zuba a kwalbar lemo ko ta magani, domin ragowar sukari ko sabulu zai shiga lissafi. A wanke gaban yaro da ruwa, ya zubar da na farko, a tari na tsakiya, a rufe, a kai da wuri ba a bar shi cikin rana ba. Idan yarinya tana al'ada, ko yaro yana zazzaɓi, ko ya sha gudu jiya, ku sanar, domin duk suna iya canza sakamako na ɗan lokaci.

Ku zo da duk maganin da yaro ke sha, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya. Ku tsaya a rubuta suna a jikin kwalba a gabanku. Idan aka miƙo muku sakamako, ku duba ko ku sa a duba muku cewa suna da shekaru da kwanan wata na ɗanku ne. Ku mayar wa likitan da ya rubuta gwajin, shi ne zai haɗa lambobin da abin da ya gani a jikin yaron. Kada maƙwabci ko mai sayar da magani ya fassara muku. Idan likita ya ce sakamakon bai yi kama da halin yaron ba, a sake, ku yarda a sake. Ku adana kowace takarda cikin leda tare da karne, domin kwatanta na bana da na bara yakan nuna abin da takarda ɗaya ba za ta nuna ba. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za a gyara a gida

Ga mafi yawan yara masu ƙiba da jininsu ya ɗan hau, maganin farko yana cikin tukunya da filin wasa. Likita yakan ba da wasu watanni a gwada wannan kafin a yi zancen ƙwaya. Kada a taɓa ba yaro maganin hawan jinin kakarsa ko na mahaifinsa.

Ku fara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, na yaro kuma ƙasa da haka. Gishirin da ke shiga cikinmu ya wuce wanda muke barbaɗawa da hannu. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, haka garin ɗanɗano na taliyar leda da yajin da aka haɗa da magi. Ku rage kaɗan-kaɗan, cikin makonni harshe zai saba. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, tumatir da busasshen kifi suna ba miya daɗi.

Sai sukari. Lemon kwalba, zoɓo da lemon leda masu zaƙi, shayi mai madarar gwangwani, biskit da alewa su ne ke shigar da ƙiba ba tare da yaro ya ƙoshi ba. Kuɗin da ake ba shi na tara a makaranta galibi a nan yake ƙarewa. Ruwa shi ne abin shan yaro. Hura da nono abinci ne mai kyau, sukarin da ake zuba mata ne ya kamata a rage. Ƙosai, fanke da soyayyen dankali su zama na wani lokaci. A yawaita wake, zogale, kuɓewa, yakuwa, kabewa, tuwon hatsi da dawa, da ƴaƴan itace na lokaci kamar mangwaro, kankana, gwaba da magarya. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci, ba a zuba masa sukari.

Yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a yini na motsin da zai sa shi gumi: ƙwallo, langa, tsalle da igiya, keke, tafiya makaranta da ƙafa. Ƴan mata ma haka, kada a tsare su a ɗaki da waya da talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a yini. A kwanta da wuri.

Kada a hana yaro abinci, kada a ware masa kwano, kada a yi masa ba'a da sunan ƙiba. Yaro mai girma ne, sau da yawa abin da ake so shi ne nauyinsa ya tsaya tsawonsa ya cim masa. Gyaran na gida duka ne, kuma uba da kaka da suke da hawan jini za su amfana da wannan tukunyar.

Alamomin da ba a kwana da su

Ku kai yaro asibiti nan take, dare ko rana, idan yana da matsanancin ciwon kai da amai, ko ganinsa ya dushe, ko ya yi jijjiga, ko hankalinsa ya rikice, ko numfashi ya yi masa wuya, ko bakinsa ya karkace, ko fuska da ƙafafu sun kumbura, ko fitsarinsa ya yi ja ko ya ragu sosai. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama cikin sauri alamar sukari ce, ita ma a tafi a ranar. Baƙin da ke kwanciya a bayan wuya da hammata mai laushi kamar ƙyalle, wanda soso ba ya fitarwa, ba dauɗa ba ce. Alama ce jiki ya fara kasa sarrafa sukari, a nuna wa likita ba tare da jinkiri ba.

Gare ku masu faɗakarwa

Ku ne idon asibiti a cikin gidaje. Idan kun shiga auna ƙananan yara, ku ɗaga ido ku dubi yayyensu. Ku tambayi ko akwai hawan jini ko sukari a dangi, ko yaron yana minshari, ko ana ba shi ƙwayar ƙiba. Ku yi wannan magana a keɓe, cikin mutunci, domin uwar da aka kunyata a gaban kishiyarta ko surukarta ba za ta dawo ba. Ku fara da yaba mata kan renon da ta yi, sannan ku kawo zancen awo. Ku jawo maigida cikin maganar, tunda galibi shi ke ba da kuɗin cefane da na gwaji.

Yanke hukunci aikin likita ne. Naku shi ne ku gano, ku tura CSI, ku bi sawu. Ku rubuta ranar dawowa ta biyu da ta uku a littafinku, ku tuna wa uwa kwana ɗaya kafin ranar, ku maimaita mata ƙa'idar zuwa ba a ci ba da ta kwalbar fitsari. Idan kun ga ana yawan mayar da mutanenku saboda babu maɗaurin yara, ko sakamako yana ɓacewa, ko yana daɗewa fiye da ranar da aka ce, ku rubuta kwanan wata da abin da ya faru, ku kai wa shugaban CSI da kwamitin lafiya na gari a taron wata. Ƙorafin da aka rubuta da hujja ya fi saurin samun gyara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hawan jinin da aka gano ga yaro ɗan shekara 10, aka tabbatar da awo mai kyau da gwaji mai inganci, sau da yawa yana sauka da gyaran abinci da motsa jiki, kuma idan ƙoda ce, an kama ta da wuri. A zuwanku asibiti na gaba, ku riƙo karnen kowane yaro da ya kai shekara 3, ku nemi a auna nauyinsa da tsawonsa da hawan jininsa, a rubuta.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.